Mota ta ƙi tashi? Kunne da mita tukuna, sikana daga baya

Wata 'yar na'ura da girmanta bai wuce akwatin ashana ba ta fara samun gindin zama a motocin matasa, har a garuruwa irin su Zuru. Ana soka ta a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth, sai manhaja ta fito da wasu lambobi. Masu tallanta a Facebook da TikTok cewa suke da ita an huta da zuwa gareji: mota na ƙin tashi a jona ta, waya ta faɗi ciwon.

Na'urar tana da amfani, kuma kuɗinta bai kai na rabin tankin mai ba. Amma tallan ya wuce gona da iri. Sau da yawa idan mota ta ƙi tashi, sikana ba ta da ta cewa, domin matsalar tana inda idonta ba ya kaiwa. Matashin da ke son wayarsa ta fitar da shi kunya a irin wannan rana sai ya fara koyon tsarin binciken: a saurara da kunne, a auna da mita, sannan a zo kan sikana. Wanda ya juya wannan tsarin yakan ƙare da sayen kayan da motarsa ba ta buƙata.

Me ya sa lamarin ya fi nauyi a Zuru

A Kano ko Kaduna, idan bakanike ya yi kuskuren cewa famfon mai ne ya mutu, yaro zai hau babur ya je Ƙofar Ruwa ko Panteka ya dawo da wani kafin la'asar. A Zuru kuwa, idan kayan ba ya shagunan cikin gari, sai an yi waya Kontagora ko Sakkwato ko Kaduna, a tura kuɗi, a jira direban da zai kawo. Idan ya iso aka ɗaura mota ba ta tashi ba, kuɗi sun tafi, kwanaki sun tafi, mai kayan kuma da wuya ya karɓi abin lantarki da aka riga aka ɗaura.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Duk wanda ke bin hanyar Dabai zuwa Mahuta da Koko, ko ta Rijau zuwa Kontagora, ko ya nufi Ribah, ya san ba hanyoyin da ake son magariba ta riski mutum a tsaye da bonet a buɗe ba ne, ganin halin tsaron da yankin ya shiga a shekarun nan. Direban da zai iya gane cikin minti biyar cewa kan batir ne ya saki, ya ɗaure ya wuce, ya fi wanda zai zauna jiran a turo masa bakanike daga gari. Don haka wannan ilimi ba na kanikawa kaɗai ba ne. Ɗalibin Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru da ke tuƙa motar gida, da mai ɗaukar buhunan hatsi ranar kasuwa, duk suna buƙatarsa.

Tambaya ta farko: injin yana juyawa?

"Mota ta ƙi tashi" magana ce da ta haɗa cututtuka iri biyu da ba su da alaƙa. Ko dai an murza makulli injin bai juya ba sam, ko kuma yana juyawa amma bai kama ba. Kunne kaɗai ke raba su, kuma wannan rabuwar ita ce rabin aikin.

Idan an murza aka ji shiru, fitilun dashbod ma ba su kawo ba, to wuta ce ba ta isowa: batir ya mutu murus, ko kansa ya saki, ko babban fis ya ƙone. Idan fitilu sun kawo amma kik bai motsa ba, motar kuma mai giyar otomatik ce, a gwada mayar da giya kan N a sake murzawa, domin akwai makunnin da ke hana kik aiki idan motar ba ta gane tana kan P ko N ba. Idan aka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilu na lumshewa, batir ne ba shi da ƙarfin juya kik. Idan ƙas ɗaya aka ji mai ƙarfi, fitilu kuma ba su rage haske ba, zargi ya koma kan kik ɗin kansa ko wayarsa. Idan kuwa injin na juyawa a kasalance kamar mai jin barci, batir ne ya yi sanyi ko kuma mahaɗarsa ta yi datti.

A duk waɗannan, sikana 'yar kallo ce. Hasali ma daga batirin motar take shan wuta, don haka idan ya mutu ita ma ba za ta farka ba. Kuma wannan ɓangaren ba ƙarami ba ne. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, wadda ke kai wa direbobi ɗauki a hanya, takan fitar da rahoto duk shekara, kuma a 'yan shekarun nan batir ne ke kan gaba da sama da kashi 40 cikin 100 na lalacewar da ake kiran ta a kai. Can sanyi ne ke tona asirin batir. A Zuru zafi ne ke cinye shi a hankali, domin zafin Maris da Afrilu, haɗe da na injin, yana ƙone ruwan batir ya kuma ci farantan cikinsa. Duk wanda ya taɓa ajiye batirin sola a ɗaki mai zafi ya ga yadda kwanansa ke ƙarewa da wuri.

Mita: na'urar da ba a yi mata talla

Na'urar da ta dace da wannan ɓangaren ita ce maltimita, wadda kowane mai gyaran waya ke da ita a kan teburinsa. Ba ta da manhaja, ba ta da ado, shi ya sa ba a ganin ta a bidiyon talla. Amma lambobi uku kacal mutum zai haddace.

A saita ta kan folt 20 na DC, jan tsinke a kan +, baƙi a kan −. Batir mai cikakken caji, bayan mota ta huta, yana nuna kusan folt 12.6. Idan ya nuna 12.2, kusan rabin cajinsa ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa ya yi rauni sosai. Lamba ta biyu ana karanta ta ne yayin da wani ke murza makulli: bai kamata ta faɗi ƙasa da kusan 9.6 ba. Batirin da ya nuna 12.5 a zaune amma ya faɗo zuwa 7 da an taɓa kik, ya gama yawo. Lamba ta uku sai bayan mota ta tashi: tsakanin 13.5 da 14.7 alama ce altaneta na caji. Idan ta tsaya a 12 da 'yan kai injin na aiki, to altaneta ko bel ɗinta ne matsalar, kuma sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya bi sahun tsohon. Mutane da yawa sun sayi batir biyu a jere saboda rashin wannan awo na minti ɗaya: an bar jaki ana dukan taiki.

Kafin ma a kai ga mita, a kama kan batir da hannu a girgiza. Hanyoyin da ke da ramuka suna sassauta shi, farin gari ko kore-koren da ke taruwa a kai kuma yana tare wuta. A duba har baƙar wayar da ke haɗa batir da jikin mota. Sifana mai lamba 10 da ɗan buroshi sun tayar da motocin da aka riga aka yanke wa hukuncin sabon kik.

Akwai al'adu biyu da ya kamata matasa su daina gada. Na farko, haɗa kawunan batir da ƙarfe don a ga tartsatsi: batir yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta, kuma yakan fashe a fuskar mutum. Na biyu, cire kan batir injin na aiki don a gwada altaneta. A zamanin Peugeot 504 mai kafireto an sha yin haka an tsira, amma a motar da ke da kwamfuta, wadda kanikawa ke kira biren bokis, wutar da za ta yi tsalle tana iya ƙone ta, kuma kuɗinta ya ninka na mita sau da yawa.

Idan yana juyawa amma bai kama ba

A nan batir da kik sun fita daga zargi. Injin fetur yana buƙatar abu huɗu: mai, tartsatsin fulogi, iska da matsi a cikin silinda, sannan duk su zo a kan lokaci. A motocin zamani akwai na biyar: izinin kwamfuta.

A fara da mai, kuma kada a yarda da allurar dashbod ido rufe, domin takan maƙale. A murza makulli zuwa inda fitilu ke kawowa, a yi shiru a saurara ta wajen kujerar baya: a motoci da yawa famfon mai yana yin zuuu na daƙiƙa biyu ko uku. Rashin jin wannan sautin dalili ne na duba fis da rile kafin a taɓa famfon kansa, kuma sau da yawa a cikin akwatin fis akwai wani rile iri ɗaya, kamar na oda, da za a musanya a gwada kyauta. Sai dai a sani, wasu motocin, ciki har da Toyota da dama, ba sa kunna famfon sai an fara murza kik, don haka shirunsu ba hujja ba ce.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, yawo da tanki kusan a bushe ya zama ruwan dare. Famfon da ke cikin tanki kuwa man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi, don haka tafiya kullum a kan jan layi tana rage masa kwana. Ingancin man shi ma abin tambaya ne. A watan Fabrairun 2022 kamfanin NNPC da kansa ya tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta Beljiyam, motoci suka yi ta lalacewa. Idan hakan ta faru da man da ya biyo hanyar hukuma, ina ga na galan da ake saye wurin 'yan bumburutu a bakin hanya? Motar da ta ƙi tashi jim kaɗan bayan an zuba mata irin wannan man, tambayar farko ita ce daga ina man ya fito. Sikana ba ta shinshina tanki.

Sai izinin kwamfuta. Motocin Turai tun ƙarshen shekarun 1990 suna zuwa da tsarin hana sata: akwai ɗan ƙaramin cif a kan makulli, idan motar ba ta gane shi ba za ta bar kik ya juya amma ta hana mai ko wuta, ko ta tashi ta mutu nan take. Alamarsa fitila ce mai hoton makulli ko kwaɗo da ke ƙiftawa a dashbod. Wanda ya yanko sabon makulli a kasuwa ba tare da cif ba, ko makullinsa ya faɗi ya fashe, ya gwada ɗaya makullin kafin ya kira kowa.

Akwai wurare biyu da ya kamata a cire hannu daga makulli gaba ɗaya. Idan injin na juyawa da sauri fiye da yadda aka saba, da sauti sumul babu tirjiya, mai yiwuwa tayimin bel ne ya tsinke, kuma ci gaba da murzawa yana iya ƙara ɓarna. Idan kuma mota ta mutu a tsakiyar ruwa, abin da ba baƙo ba ne a daminar Zuru inda rafuka ke haurowa kan hanya, kada a sake murzawa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, kuma idan ya shiga silinda kik ɗaya ya isa ya lanƙwasa ƙarfen cikin injin.

Inda sikana ke cin kuɗinta

Yanzu ne lokacin waya. Idan injin na juyawa, batir na da ƙarfi, mai na nan, sikana tana iya rage aikin yini zuwa na minti goma. Manhajoji irin su Torque da Car Scanner suna nuna saurin juyawar injin kai tsaye. A sa wani ya murza kik a kalli allon: idan lambar ta hau zuwa 150 ko 250, kwamfuta tana ganin injin na juyawa. Idan ta tsaya a sifili alhali kunne na jin yana juyawa, zargi ya faɗa kan sensar karanshaf, wadda idan ba ta ba da labari ba kwamfuta ba za ta saki mai ko tartsatsi ba. Lambar P0335 tana nuni ga wannan layin, P0340 ga na kamshaf, P0230 ga layin wutar famfon mai, P0562 kuma ga ƙarancin wuta a motar baki ɗaya.

Amma ko a nan akwai iyakoki uku da masu talla ba sa faɗa.

Na farko, ba kowace mota ke jin yaren ba. Tsarin OBD-II ya zama dole a Amurka daga motocin 1996, a Tarayyar Turai kuma daga 2001 ga masu fetur, masu dizal sai 2004. Camry ko Accord da ta fito daga Amurka za ta amsa. Amma Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991 kuma har yau take jigilar mutane da buhuna tsakanin garuruwan yankin, da Vectra da 406 na farko-farko, suna iya samun kafar mai ramuka 16 amma su ƙi magana da ƙaramar sikana, domin yaren kamfaninsu suke yi. Kafin a saya, a duba shekarar mota da ƙasar da aka ƙera ta dominta.

Na biyu, yawancin waɗanda ke kasuwa da sunan ELM327 kwaikwayo ne na cif ɗin wani kamfanin Kanada mai suna Elm Electronics. Wasu suna aiki lafiya, wasu suna yankewa a tsakiyar karatu. Masu tsohon tsarin Bluetooth galibi ba sa haɗuwa da iPhone, sai an nemi mai Wi-Fi ko sabon tsarin Bluetooth. Kuma ramin lamba 16 na kafar yana da wuta ko an zare makulli, don haka sikanar da aka bari a jone tana iya tsotse batirin motar da ta yi kwanaki a ajiye. Abin da aka saya don gano matsala sai ya zama shi ne matsalar.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci: lamba ba hukunci ba ce. P0335 ba ta ce sensa ta mutu ba. Cewa ta yi kwamfuta ba ta samun saƙon da ya dace daga wannan layin. Yana iya zama sensar, yana iya zama soket ɗin da ƙurar hunturu ko laka ta cike, yana iya zama wayar da ɓera ya ci a motar da ke kwana kusa da rumbu. Batir mai rauni kuma yakan haddasa tarin lambobin da ba su da tushe. Haka nan wata lambar tsohuwa ce, ta shekara a ajiye, ba ta da hannu a abin da ya faru yau. Shi ya sa danna maɓallin gogewa kafin a ɗauki hoton allon babban kuskure ne: an share shaidar da mai wayarin zai yi aiki da ita.

Hujjar kanikawa, da inda ta tsaya

Tsofaffin kanikawa suna da ƙorafi kan samarin da ke zuwa gareji da waya a hannu suna ba da umarni: "Oga, sensa ce, canja kawai." Ƙorafin yana da tushe. Mutumin da ya shekara ashirin yana kwance injin Golf yana jin abin da babu manhajar da za ta ji, kuma amsar da ChatGPT ko Meta AI zai bayar daga lamba ɗaya jerin yiwuwa ce kawai, domin bai ga motar ba.

Sai dai garejin ma yana da nasa ciwon, wato gyaran canki-canka: a canja fulogi, ba ta tashi ba, a canja kwayil, ba ta tashi ba, a wanke nozul, a sayo famfo, duk da kuɗin mai mota. Wannan salon ya yi aiki lokacin da kaya ke da araha kuma motoci ba su da kwamfuta. Yanzu da kowane kaya ke bin farashin dala, ba ƙaramin zalunci ba ne. Maganinsa kuwa awo ne. Mai motar da ya iso ya ce, "Maigida, batir ya nuna 12.5, da aka murza ya sauka 10.4, famfo na kuka, amma sikana na nuna sifili a juyawar injin," bai raina bakanike ba. Ya rage masa rabin hanya, ya kuma toshe ƙofar canki-canka. Bakanike na ƙwarai zai ji daɗin irin wannan bayanin, wanda ya ɓata rai kuwa ya nuna kansa.

A nan ne ma babban amfanin waya yake, kuma ba ya buƙatar sayen komai. Bidiyon daƙiƙa goma sha biyar da ya nuna dashbod yayin murza makulli, da sautin injin a ciki, idan aka tura wa bakanike ta WhatsApp, ya fi dogon bayanin baki. Daga Mahuta ko Dirin Daji, wannan bidiyon ne zai sa ya san ko batir zai ɗauko ko rile, maimakon ya zo hannu rabbana ya koma ya sake dawowa.

Abin da ya kamata a tanada

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai kashe kuɗi kan na'urori don motarsa ya bi wannan jerin: maltimita da sifana mai lamba 10 da 'yan fis na ajiya, sai wayar jona batir mai kauri ko fawa bank na tayar da mota, musamman ga mai otomatik da turi ba ya tayar da ita, sannan sikana a ƙarshe, bayan an tabbatar motar na jin yarenta. A gwada sikanar ranar da mota ke lafiya, a ga yadda lambobinta suke idan komai daidai ne, a adana hotonsu. A sauke taswirar akwatin fis da ma'anar manyan lambobi a cikin waya tun a gida, domin sikana ba ta buƙatar data amma neman fassara a intanet yana buƙata, kuma sabis ba shi da tabbas a tsakanin duwatsun yankin. Kada kuma a riƙe kik fiye da daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar a murzawa ɗaya, a bar shi ya huce kafin a sake.

Matasan da suka iya gano ko caja ce ta lalace, ko kebul, ko bakin cajin waya, ta hanyar gwada ɗaya bayan ɗaya, sun riga sun san dabarar. Ita ce dai za a ɗauko a kawo kan mota: a fara da mai sauƙi da araha, a auna kafin a saya, kada a canja komai sai an kama shi da laifi.